Yadda Ake Alƙalancin Wasan Zamiya a Kan Ƙanƙara Daga Tsakar Gida a Nima

"Kawu, wannan ai zalunci ne." Haka 'yar ƙanwata ta ce da ni wani dare cikin hunturu a gidanmu na Nima, ta miƙo mini waya. Bidiyon gasar zamiya a kan ƙanƙara ne. Wani ɗan wasa ya faɗi warwas, ya tashi ya ci gaba. Wani kuma ya gama nasa lafiya lau, ko tuntuɓe bai yi ba. Da aka fito da maki sai wanda ya faɗi ya zo gaba. Na ce mata, "'Yata, ke fuska da riga kika kalla, su kuwa alƙalai ƙafa suke kallo."

Mu a Accra ƙanƙarar da muka saba da ita ta firij ce da ta masu sayar da ruwan sanyi. Ghana ta taɓa zuwa Olympics na hunturu, Kwame Nkrumah-Acheampong a Vancouver a 2010 da Akwasi Frimpong a Pyeongchang a 2018, amma ba a wannan wasa suka shiga ba. Don haka a waya muke koyonsa. Sai dai duk wanda ya taɓa kallon dambe a Bukom ya san ihun 'yan kallo daban, katin alƙali daban. Ga yadda za ka koyi cika naka katin.

Tanadi kafin ka zauna

Kakar wasan tana farawa ne da kaka. Jerin gasar Grand Prix guda shida ana yinsu a Oktoba da Nuwamba, ƙarshensu a Disamba, gasar duniya kuma a Maris. Hukumar wasan ta duniya, ISU, wadda aka kafa a 1892 kuma ofishinta ke Lausanne a Suwizalan, tana nuna gasar Grand Prix ta matasa kyauta a YouTube. Da ita za ka fara, domin matasa sun fi yin kurakurai, kuma da kuskure ido yake koyo.

Abu uku kake bukata: bidiyon wasan mutum ɗaya cikakke, ba guntun da aka yayyanka ba, takardar maki ta wannan gasa, wadda hukumar ke wallafawa bayan kowane wasa, sai biro da takarda. Ka sauke bidiyon lokacin da data ke da araha, don za ka maimaita shi sau da yawa. Ka kuma nemo maɓallin rage gudun bidiyo zuwa 0.25. Kada ka buɗe takardar maki sai ka gama naka lissafin.

Kowane ɗan wasa yana fitowa sau biyu: gajeren shiri na minti 2 da daƙiƙa 40, da dogon shiri na minti 4 a rukunin manya. Makin biyun ake haɗawa.

Fara da takalmin

Ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin kaurinsa kamar milimita 4 ne, kuma ba shafaffe ba ne. Akwai ɗan kwari a tsakiyarsa, saboda haka baki biyu gare shi: kaifin ciki, wanda ke ɓangaren babban yatsa, da kaifin waje, ɓangaren ƙaramin yatsa. A gabansa akwai haƙora kamar na zarto. Idan ɗan wasa ya karkata jikinsa, kaifi ɗaya ne ke cin ƙanƙara, sai ya zana baka maimakon miƙaƙƙen layi. Duk abin da zai biyo baya a kan waɗannan uku ya tsaya, kaifin ciki, kaifin waje da haƙora. Ka ɗauki minti biyar na farko kana kallon idon sawu kawai, kana tambayar kanka ina ya kwanta.

Rarrabe tsalle shida

Nan ne mutane ke karaya, alhali abin bai kai wuyar rarrabe motocin tasha ba. Sirrin shi ne kada ka kalli sauka. Dukkan shidan a ƙafa ɗaya ake sauka, da baya, a kan kaifin waje. Ga yawancin 'yan wasa, masu juyawa ta hagu, ƙafar dama ce. Bambancin yana wurin tashi.

Tambayar farko: yana fuskantar gaba ne lokacin da ya tashi? In haka ne, Aksal ne, babu wani. Sunan Axel Paulsen ɗan Norway ya ci, wanda ya fara yinsa a 1882. Tunda da gaba ake tashi kuma da baya ake sauka, akwai ƙarin rabin juyi a cikinsa: Aksal mai uku juyi uku da rabi ne. Midori Ito ta Japan ce mace ta farko da ta sauke Aksal mai uku a gasa, a 1988. Mai huɗu kuwa sai a Satumba 2022 aka ga wanda ya cika shi a gasa, Ilia Malinin na Amurka, yana da shekara 17.

In da baya ya tashi, tambaya ta biyu: ya soka haƙoran takalmi a ƙanƙara ya dogara da su, ko kuwa daga kaifi kawai ya tashi?

In bai soka ba, ɗayan biyu ne. Salko, mai sunan Ulrich Salchow ɗan Suwidin, daga kaifin ciki na ƙafar hagu yake tashi, za ka ga ƙafafu sun buɗe, ta daman ta sharo daga gefe kamar tsintsiya. Lup kuwa daga ƙafar dama yake tashi ya sauka a kanta, kuma kafin tashi ƙafafun kan harɗe, ɗan wasan ya yi kamar zai zauna a kujera.

In ya soka, duba wace ƙafa. Hagu ta soka, Tolup ne, mafi sauƙi a cikinsu, shi ya sa ake yawan liƙa shi a bayan wani tsallen. Dama ta soka, ko Filif ko Luts, kuma a nan ne alƙalanci yake. A Filif ƙafar hagu tana kan kaifin ciki, yawanci ɗan wasa ya juyo ne yanzu-yanzu daga gaba zuwa baya. A Luts tana kan kaifin waje, sau da yawa bayan doguwar tafiya da baya zuwa kusurwar fili. Luts ya fi wuya domin bakan da ƙafa ke zanawa yana tafiya wani ɓangare, jiki kuma zai juya ɗaya ɓangaren, kamar mai tuƙi da ya karya kan mota dama amma hagu zai shiga. 'Yan wasa da yawa, har manya, idon sawunsu kan mirgina zuwa ciki a daƙiƙar ƙarshe. Rage gudun bidiyo, tsayar da shi daidai lokacin da haƙora suka taɓa ƙanƙara, ka dubi idon sawun hagu. In ya kwanta waje, Luts ne na gaskiya.

A takardar maki haruffa ne: A, S, Lo, T, F, Lz, lamba a gaba tana nuna yawan juyi. 3Lz+3T na nufin Luts mai uku da Tolup mai uku a manne.

Juyin ya cika?

Ɗan wasa ba ya kai daƙiƙa ɗaya a sama, ido ba ya iya ƙirga juyi huɗu a wannan lokaci. Kada ma ka gwada. Abin da za ka duba shi ne inda ƙarfen takalmi ke fuskanta lokacin da ya fara taɓa ƙanƙara. In juyi ya cika, ƙarfen zai sauka ya zarce baya sumul. In bai cika ba, zai sauka a karkace ya ƙarasa juyin a ƙasa, sai ka ga wata 'yar ƙugiya a sawun da ya bari, ƙanƙara ta fantsama.

Wannan hukunci ba na alƙalai masu ba da maki ba ne. Akwai wani ƙaramin kwamiti na ƙwararru da ke da na'urar maimaita bidiyo, su ke faɗin sunan tsalle da laifinsa. In kwata ɗin juyi ne cif ya rage, sai su sa harafin q. In ya wuce kwata bai kai rabi ba, alamar < ce, farashin tsallen ya koma kashi 80 cikin 100. In rabi ne ko fiye, alamar << ce, mai huɗu ya koma farashin mai uku. Harafin e na nufin an tashi a kan kaifin da ba daidai ba a Luts ko Filif, alamar ! kuma kaifin bai fito sarai ba.

Wanda bai faɗi ba a bidiyon 'yar ƙanwata, alamomin nan ne suka cinye shi. Tsallensa sun yi kyau daga nesa, amma kamar rigar da aka yi wa ado a waje ne, in ka juya cikinta sai ka ga ɗinkin bai kama ba.

Lissafi: farashi da gyara

Kowane tsalle yana da farashinsa a rubuce. A jadawalin da aka fara aiki da shi a 2018, masu juyi uku: Tolup 4.20, Salko 4.30, Lup 4.90, Filif 5.30, Luts 5.90, Aksal 8.00. Masu huɗu: Tolup 9.50, Salko 9.70, Lup 10.50, Filif 11.00, Luts 11.50, Aksal 12.50.

A kan farashin nan alƙalai, waɗanda kan kai tara a manyan gasa, ke yin gyara ko ragi, daga -5 zuwa +5. Takarda tana rubuta shi GOE. Kowane mataki kashi 10 cikin 100 ne na farashin. Ana jefar da maki mafi girma da mafi ƙanƙanta, a raba sauran daidai. Don ba da gyara ana duba tsawo da nisa, kyan tashi da sauka, rashin alamar wahala, taku mai wuya kafin tsallen, tsarin jiki a sama, da dacewa da kiɗa. Ba a kai wa +4 ko +5 sai ukun farko sun cika.

Yi lissafin da kanka sau ɗaya, za ka gane wasan. Luts mai uku da +3: 5.90 da 1.77, ya zama 7.67. Yanzu Luts mai huɗu wanda juyinsa ya cika amma aka faɗi: 11.50, a cire rabi saboda -5, saura 5.75, a cire maki 1 na faɗuwa, saura 4.75. Ka ga ya fi Tolup mai uku da aka sauke ba gyara ba ragi. Amsar tambayar 'yar ƙanwata ke nan. A rukunin manya, faɗuwa ta farko da ta biyu maki ɗai-ɗai ne, ta uku da ta huɗu bibbiyu.

Harafin x a gefen farashi ƙarin kashi 10 ne na tsallen da aka yi a rabin ƙarshe na shiri, lokacin da ƙafa ta gaji. A Olympics na 2018 Alina Zagitova ta Rasha ta tara duk tsallenta a rabin ƙarshe ta ci zinare. Bayan nan aka taƙaita ƙarin ga tsalle ɗaya na ƙarshe a gajeren shiri da uku na ƙarshe a dogon.

Katantanwa da taku

Juyi a wuri ɗaya kamar wasan katantanwa ne da muka yi muna yara: mai kyau ita ce wadda ta kafe a wuri guda da sauri, ba mai yawo ba. Dubi zoben da ƙarfe ya zana, in ya taru wuri ɗaya, ba da gyara. Shi da jerin taku ana ba su daraja har zuwa ta 4, kwamitin ƙwararru ke yankewa. Bar musu wannan a farko.

Fasaha

Wannan ne rabin da na fi ƙauna, kuma shi aka fi yi wa gardama. A da maki 6.0 ne ƙololuwa. Bayan rikicin alƙalancin gasar 'yan bibbiyu a Olympics na Salt Lake City a 2002, wanda ya sa aka ba Rasha da Kanada zinare dukansu, aka kawo tsarin yanzu a 2004. Tun daga kakar 2022 fannoni uku ake dubawa, kowanne daga 0.25 zuwa 10: tsarin shirin, gabatarwa, da ƙwarewar zamiya. Ana ninka su da wata lamba don nauyinsu ya kusanci na tsalle.

Ga yadda nake yi, kuma ina ba ka shawarar ka kalli shirin sau uku.

Kallo na farko, kashe sauti, ka dubi gwiwa zuwa ƙasa. Wannan ƙwarewar zamiya ce. Turi nawa yake yi kafin ya samu gudu? Gwani turi biyu ko uku ya ratsa fili mai tsawon mita 60, kamar ƙanƙarar ce ke ɗauke da shi. Gwiwarsa tana lanƙwasa da taushi? Yana daɗewa a ƙafa ɗaya yana sauya kaifi, ko kullum ƙafa biyu ne a ƙasa? Yana juyawa hagu da dama, ko ɓangaren da ya saba kawai? Matan da ke ɗaukar kaya a ka a kasuwar Makola ba sa kallon ƙafarsu, kaya kuma ba ya rawa. Irin wannan natsuwar kafaɗa kake nema a saman ƙafafun da ke aiki.

Kallo na biyu, har yanzu ba sauti, ka ja da baya ka dubi fili duka. Wannan tsari ne. Ya taka ko'ina, ko ya maƙale a tsakiya? Me yake yi tsakanin tsalle da tsalle? Akwai masu ratsa fili da hannu a sake, ido a ƙasa, suna jiran tsalle na gaba. Nan nake rage maki ba tare da jinkiri ba, ko da tsallen mai huɗu ne.

Kallo na uku, kunna sauti. Mu da muka tashi da kalangu da gangar biki mun san bambancin mai rawa a kan kiɗa da mai rawa kusa da kiɗa. Gwaji mai sauƙi: da a ce an sauya masa kiɗan, shirin zai lalace? In ba zai lalace ba, bai ji kiɗan ba. Kada murmushi ko hawaye ko tsadar riga su saye ka.

Hattara da abu ɗaya. Suna yana jan maki. Zakara ya fito, hannu na son rubuta 9 tun bai motsa ba. Ni a ganina alƙalan gaske ma sukan bar makin fasaha ya bi yawan tsalle, kuma wannan yana zaluntar masu kaifi mai zurfi da ba su da juyi huɗu. Doka ta ce wanda ya faɗi ba a ba shi 10. Kai ka ƙara wa kanka doka: rubuta makinka kafin mai sharhi ya yi magana.

Wanda ya dawo daga jinya

Duk sauka a ƙafa ɗaya take, da nauyin da ya ninka na jiki sau da yawa, sau ɗaruruwa a mako. Shi ya sa idon sawu, gwiwa, ƙugu da baya su ne wuraren ciwon 'yan wasan nan. Takardar maki ba ta da gurbin tausayi, kuma daidai ne, don abokin karawarsa ma ya sha tasa wahalar. Abin da ya faru a kan ƙanƙara shi za ka ba maki. Amma a bayan takardarka ka buɗe shafi na biyu, na fahimta.

Da farko ka nemo takardar makinsa ta kafin rauni ka ajiye kusa da ta yau. Me ya cire? Yuzuru Hanyu na Japan ya ji rauni a jijiyar idon sawun dama a Nuwamba 2017, yana gwada Luts mai huɗu a atisaye. Ƙafar saukarsa ke nan. Bai sake shiga gasa ba sai Olympics a Fabrairu 2018. Ya ajiye Luts da Lup masu huɗu, ya tsaya kan Salko da Tolup, ya nemi makinsa a gyara da fasaha, ya ci zinare karo na biyu a jere, abin da ba namijin da ya yi tun Dick Button a 1952. Lura cewa Lup daga ƙafar dama yake tashi, Luts kuma da ita ake soka. Wanda ya san tsallensa shida zai karanta ciwon a jerin abin da aka bari. Rage kaya irin wannan hankali ne, kada ka ɗauke shi tsoro.

Sannan ka dubi shiga tsalle. Mai shakkar ƙafarsa yakan tsawaita shiri, ya rage gudu, ko ya buɗe jiki a sama, mai huɗu ya koma mai biyu ko ɗaya. Wannan ya fi faɗuwa asarar maki. Dubi sauka kuma: gwiwa ta karɓi nauyin da taushi, ko ya yi saurin ajiye ɗaya ƙafar? Daga nan ka jira minti na ƙarshe na dogon shiri. Tsalle kan dawo kafin numfashi ya dawo, don haka a nan ne watannin kwanciya ke fitowa fili, taku ya yi nauyi, katantanwa ta rage gudu.

Kada ka yanke hukunci da gasa ɗaya. Sui Wenjing ta Chaina an yi mata tiyata a ƙafafu biyu a 2016, ita da abokin wasanta Han Cong suka ci gasar duniya a 2017, azurfa a Olympics na 2018, zinare sai a Beijing a 2022. Nathan Chen na Amurka an yi masa tiyatar ƙugu a 2016, ya zo na biyar a Olympics na 2018, ya ci zinare a 2022. Surya Bonaly ta Faransa jijiyar agararta ta tsinke a 1996, ta zo Olympics na Nagano a 1998 ba da ƙarfinta na da ba, ta yi alkafura ta baya ta sauka a ƙafa ɗaya duk da haramcin da ke kanta a lokacin, ta gama ta goma. A katin alƙali an rage mata, kuma bisa doka aka yi. A shafina na biyu tana da wuri babba. An ɗage haramcin alkafurar a 2024.

Abu ɗaya ba na yaba wa: a tura yarinya ƙarama ta yi tsalle a kan karaya don lambar yabo. Hukumar ta ɗaga shekarun shiga rukunin manya daga 15 zuwa 17, ya cika aiki a kakar 2024, kuma lafiyar yara na cikin dalilan. In ka ga ɗan wasa ya janye don ya warke, kada ka sa shi a layin raggwaye.

Buɗe takardar

Yanzu ka kwatanta. Fara da sunayen tsalle: nawa ka gane cikin waɗanda ya yi? Sai alamomi, sai gyara. A gyara kada ka damu da bambancin mataki ɗaya, alƙalai tara ɗin ma za ka ga wani ya ba da +1 wani +3 a tsalle guda. Inda kuka yi hannun riga da su, koma bidiyo a 0.25 ka nemi abin da suka gani. Yi haka da 'yan wasa uku a mako, kuma in kuna da yawa a majalisar ataya kowa ya rubuta nasa a ɓoye kafin a buɗe.

Mu a gidanmu ranar Asabar bayan isha'i muke yi. A mako na huɗu 'yar ƙanwata ta tsayar da bidiyo, ta ɗora yatsa kan idon sawun wata 'yar wasa, ta ce, "Kawu, wannan Luts ɗin ya mirgina ciki." Muka buɗe takarda, ga harafin e a gefensa.